Nasiha Ga Ƙannena Masu Son Sana'ar Rubuta Manhaja

Ya ku ƙannena maza da mata na ƙasar Bodinga da Shagari, dalilin wannan takarda shi ne, shekaru da dama ke nan ba na zuwa gida hutun salla ko ɗaurin aure face wani daga cikinku ya ja ni gefe bayan jama'a sun watse, ya tambaye ni labarin wannan sana'a tamu ta rubuta manhajar kwamfuta da wayar hannu, wadda ya ji ana cewa mai yin ta yana zaune cikin inuwa a birni, ba ya riƙe fartanya, ba ya shan rana, kuɗi kuma suna zo masa daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Na sha ba da amsa a tsaye, mai mota yana jirana. Amma da yake mas'ala ce da ta shafi makomar mutum da halaliyarsa, na ga bai dace a ci gaba da yanke ta a bakin hanya ba, shi ya sa na zauna in rubuta muku abin da na gani a cikinta da idona.

Sana'a ce ta halal mai daraja, asalinta kuma ba baƙo ne gare mu ba, domin kalmar nan algoridim, da ake kiran jerin matakan lissafi da ita, daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, malamin hisabi da ya zauna Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya. Aikin mai rubuta manhaja shi ne ya shimfiɗa wa na'ura umarni daki-daki, ita kuwa na'ura ba ta da hankali, ba ta da kara, ba ta san uzuri ba. Abin da ka rubuta shi za ta aikata, ko da ɓarna ce, sau dubu, ba gajiya ba nadama.

Abin da nake fara dubawa kowace safiya a Sakkwato, kafin in tuna aikin da ke gabana, shi ne ko akwai wuta, in kuma babu, saura nawa a batir. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, za ka ji fankar kwamfuta tana kuka kamar injin niƙa, sa'an nan na'urar ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, har aikin minti biyu ya cinye goma. Batirin da ka saya da guminka ya kumbura tun bai ci rabin kwanansa ba. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe mata hanyoyin iska, ta lulluɓe farantin sola da ke saman ɗaki, wanda in ba a goge shi a kai a kai ba sai ƙarfinsa ya ragu kana gani. Dā mukan dogara da janareta, amma tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Haka dala, wadda da ita muke biyan hayar rumbunan da manhajojinmu ke zaune a ciki a ƙasashen waje, ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali wanda ya ba ka aiki a gida da naira ya yi ciniki da kai, kuma bai ga dalilin da za a ta da maganar da aka riga aka gama ba. Duk wanda zai shiga wannan sana'a, to, ya koyi lissafin wuta da mai da canji kafin ya yanka farashi, in ba haka ba zai yi wa mutane aiki da kyau, ya wayi gari yana cin uwar kuɗinsa bai sani ba.

Sai kuma sabis. Kun tuna Satumba 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, sa'an nan aka bi da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jiharmu. Kun kuma tuna 14 ga Maris 2024, ranar da manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka samu matsala daura da gaɓar Kodebuwa, bankuna suka tsaya cik, mai POS a bakin kasuwa ya rasa abin da zai gaya wa mai jiran kuɗinsa. Akwai abin lura a nan ga mai hankali: igiya ta tsinke a cikin tekun da galibinmu ba mu taɓa gani ba, cinikin albasa ya tsaya a ƙasar Sakkwato.

Na daɗe ina ɗaukar waɗannan abubuwa musiba ce tsantsa, wadda ba ta da magani sai haƙuri ko hijira zuwa Abuja ko Legas, kamar yadda abokan karatuna da yawa suka yi, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya sauya mini tunani wani al'amari ne da ya faru a hannuna, wanda har yau in na tuna shi sai zuciyata ta yi nauyi, kuma dominsa ne mafi yawa na ɗauki alƙalami.

Wata ƙungiyar manoman rani a yankin Shagari, masu albasa da shinkafa, ta nemi in rubuta mata manhajar da za a riƙa ɗaukar sunayen mambobi a waya, domin rabon taki ya tafi bisa adalci, a daina cewa littafi ya ɓace ko an tsallake wane. Na yi makonni ina aikin, na jarraba shi a ofis, da wayata mai tsada, da intanet mai ƙarfi, komai ya tafi sumul, na karɓi haƙƙina ina ganin na cika alkawari. Ranar rabo na tafi don in ga aikina yana amfani. Jama'a sun taru ƙarƙashin darbejiya tun hantsi, wasu sun biya kuɗin babur daga ƙauyuka masu nisa, magatakarda ya zauna a benci da 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi, sabis kuma sanda ɗaya, yana zuwa yana komawa. Ni kuwa na tsara manhajar ne ta yadda kowane suna sai ta aika da shi rumbun da ke Turai, ta jira amsa, kafin ta karɓi na gaba. Haka muka zauna muna kallon ɗan zoben nan yana juyawa a fuskar waya har aka kira azahar, ba a ɗauki mutum talatin ba. In magatakarda ya gaji da jira ya sake dannawa, sai sunan ya shiga sau biyu, mutum ɗaya ya tashi da kaso biyu a rubuce, wanda shi ne ainihin zaluncin da aka kira ni in toshe.

Da la'asar, da sabis ya ɗan tsaya, sai aka zo kan wata dattijuwa mai riƙon marayu, wadda sunanta yana cikin sunayen nan masu alhamza a tsaka, irin su Sa'adatu da Asma'u. Sau uku ana shigar da shi, sau uku manhaja tana tofar da shi. Ta dube ni, don an gaya mata ni ne mai abin, ta ce, "Ɗana, sunan da ubana yar raɗa min ke nan. In wagga waya taku ba ta san shi ba, wa za ni kai ma kuka?" Ban sami abin cewa ba sai, "Inna, ki yi haƙuri, laifina ne, ba naki ba." Aka ɗauko tsohon littafi aka rubuta ta da biro, da ita da sauran jama'a.

Bari in bayyana muku sababin, don ilmi ne da za ku buƙata. A harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, wato SQL, wannan 'yar alama da muke rubuta alhamza da ita ita ce ke nuna inda zance ya fara da inda ya ƙare. Saboda haka in marubuci ya yi ganganci ya cusa suna kai tsaye cikin umarni, na'ura tana isa kan alhamzar Mu'azu sai ta ɗauka sunan ya ƙare a "Mu", ta karanta ragowar a matsayin umarnin da ba ta gane ba. Maganinsa sananne ne, yana cikin darussan farko: a aika umarni daban, bayani daban, kada a gauraya su. Na san wannan tun ina ɗalibi, gaggawa ce da raina aiki suka sa na tsallake. Wannan ƙofa kuma da ta hana dattijuwa takinta, ta nan ɓarayin intanet ke shiga su kwashe rumbu gaba ɗaya, don wanda ya gane ka bar ta a buɗe yana iya rubuta nasa umarnin a gurbin suna.

Daga ranar na fara lura da yawan wuraren da kayan aikin da muka gada daga waje ba su san mu ba. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta da ya yaɗu, ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 ne kacal gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, alhali waɗannan haruffa masu lanƙwasa suna cikin rubutunmu na boko tun shekarun 1930, su ne kuma ke raba baƙi da baki, ƙafa da kafa, ƙasa da kasa. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba su gurbi, ba sauran uzuri ga kowa. Duk da haka har gobe za ka ga takardar da aka buga wa Ɗanladi suna da alamar tambaya a farkonsa, saboda wani marubuci bai gyara saitin rumbunsa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da ƴ suke rubuta abin da muke rubutawa da 'y, wanda duk mai son manhajarsa ta yi aiki daga Illela zuwa Ƙonni dole ya yi tanadinsa.

Haka batun suna da ranar haihuwa. Fom ɗin da muke kwaikwayo yana neman sunan iyali wanda ake gado kaka da kakanni, mu kuwa mutum da sunan ubansa ake kiransa, ko laƙabinsa, ko sana'arsa, ko garinsu. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, malamin makaranta da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da sunan garin nan duniya ta san shi. A unguwa guda sai ka sami Muhammadu Bello biyar, Abubakar Umaru bakwai. Dattijo kuma in ka tambaye shi shekarunsa sai ya ce an haife shi zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara hamsin bisa gado, daga 1938 zuwa 1988. Magatakarda ya kintata shekara, ya rubuta 1 ga Janairu, kamar yadda ya rubuta wa ɗari kafin shi. To, in ka koya wa manhajarka cewa duk mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya mutum guda ne, ka share bayin Allah daga rajista kana zaune a ɗakinka, ba ka ma san fuskokinsu ba. Wanda ya taɓa yin sintiri tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa don harafi ɗaya ya saɓa tsakanin BVN da NIN, ya san abin da nake faɗa.

Na koma na rushe aikin na sake gini, ban nemi ƙarin ko kwabo ba. Na sa manhajar ta riƙa ajiye komai a cikin wayar magatakarda tukuna, sai ta ga sabis ta tura. Na ba kowace shigarwa lamba tata ta daban tun daga waya, ta yadda ko an danna sau goma rumbu zai gane abu ɗaya ne. Na rage hotuna da ƙawa don kada ta cinye data. Na ƙara gurbin laƙabi da unguwa, na kuma bar mutum ya ce shekarunsa kintace ne. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ilmina na dā. Abin da na rasa shi ne tuna cewa ɗaukewar wuta da yankewar sabis da nake kuka da su a birni sau biyu ko uku a yini, su ne halin da mutumin Shagari yake ciki dare da rana. Wanda ya sha wannan wahala kuma, ya fahimce ta, yana da wani sani a hannunsa da injiniyan Kalifoniya ba zai samu a littafi ba.

Ku 'yan Bodinga kuna da abin koyi a ƙofar gida. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Bodinga kusa da shi. Littattafansu sun isa Kano da Zazzau da Adamawa babu maɗaba'a, da hannun ɗalibai masu kwafa suka tafi, waɗanda al'adarsu ita ce in an gama kwafi a yi muƙabala, wani ya riƙe asali yana karantawa, wani yana bin kwafi da ido, don sun san ɗigo ɗaya in ya kauce yana iya mai da halal haram a hannun wanda zai karanta bayan shekara ɗari. Wannan shi ne matsayin jarraba manhaja, da ba wa ɗan'uwanka ya duba rubutunka kafin a sake shi ga jama'a. Wanda yake jin nauyin a duba masa aiki bai shirya wa sana'ar ba tukuna. Ina ƙara jan kunnenku a nan saboda manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a Nuwamba 2022, waɗanda ke rubuta maka umarni shafi guda kafin ka ƙifta ido. Ina amfani da su, ban hana ku ba. Amma suna kuskure da murya irin ta mai yaƙini, kuma ba su taɓa zama ƙarƙashin darbejiyar nan ba. Ɗalibin da ya kwashi abin da suka ba shi ya liƙa ba tare da ya iya bayyana kowane layi ba, taƙalidi yake yi a wurin da ake buƙatar tahaƙiƙi, ranar da abin ya karye kuma shi za a kira, ba na'ura ba.

Game da ajiya ba zan tsawaita ba. Gidajen malamai nawa ne gara da gobara da ɗigar damina suka cinye musu littattafan da babu kwafinsu ko'ina? Abin da ya tsira, irin wanda marigayi Waziri Junaidu ya tattara, ya tsira ne don wani ya damu ya adana. Ku koyi Git, manhajar adana aiki, tun makon farko, ku tura aikinku waje kullum kafin ku rufe kwamfuta, ku kuma riƙa jarraba dawo da abin da kuka ajiye, don kwafin da ba a taɓa buɗewa ba ba a san ko yana nan ba.

Akwai kuma amanar da ta fi ta kuɗi nauyi. A rumbun da kake riƙe da makullinsa akwai lambobin wayar matan aure, da bashin da ake bin wane, da ciwon da wance ke ɓoyewa. Za a zo maka, wani da kuɗi, wani da zumunci, wani da sunan siyasa gab da zaɓe, a ce ka ɗan ba da jerin lambobin nan. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a Yuni 2023, amma tun kafin doka kun san hukuncin leƙen asirin Musulmi da cin amana. Ga shi kuma 'yan damfarar intanet sun ɓata wa sana'ar suna, har ya zama saurayi in ya rataya jakar kwamfuta ana masa kallon tuhuma a shingen hanya, wani lokaci ma a cikin dangi. Ni ma an taɓa tsare ni awa biyu ana bincikar jakata. Ba ni da maganin wannan sai abu biyu: ka riƙe shaidar aikinka a tare da kai, kuma ka bar iyayenka su san ainihin abin da kake yi da wanda ke biyanka, ko da bayanin zai ɗauki dare uku. In abokinka ya fara samun kuɗin da ba ya iya faɗin tushensu, ka ja jikinka tun kafin ya nemi aron asusunka na banki.

Abu na ƙarshe da ke damuna a kanku shi ne dare. Data ta fi araha da tsakar dare, sabis ya fi ƙarfi, gari ya yi sanyi, wanda kuma yake yi wa mutanen yammacin Amurka aiki, safiyarsu ita ce magaribarsa, don tsakaninmu awa takwas ne ko tara. Ta haka mutum ke zamewa sannu a hankali ya zama ba ya ganin asuba sai a ramuwa, ba ya zuwa jana'iza, ba ya gaida mara lafiya, idonsa ya raunana, bayansa ya ƙage tun bai kai arba'in ba, iyalinsa suna gida ɗaya da shi suna kewarsa. Na yi shekara biyu a wannan hali, kuma na lura kurakuran da suka fi ba ni wahala duk bayan ƙarfe biyu na dare na rubuta su. Ka yanka wa aiki lokaci tun ranar da ake ƙulla yarjejeniya, ka faɗa wa mai aikin sa'o'in sallarka da ranar Juma'arka a fili. Galibinsu suna girmama wanda ya faɗa tun farko. Ku kuma ƙannena mata, wannan sana'a tana cikin 'yan kaɗan da mace za ta iya yi daga ɗakinta da mutuncinta, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da wayoyin da muke rubuta wa manhaja mata ne, waɗanda ba za su gaya wa namiji abin da ya dame su a cikinta ba.

Yanzu duk manhajar da na gama, kafin in miƙa ta, nakan zuba ta a wata tsohuwar waya mai arha da na ajiye don wannan, in shiga motar haya ta hanyar Jega, in yi ta aiki da ita tun daga fitar gari, ta Bodinga, har Shagari, ina lura da inda sabis ke faɗuwa da abin da take yi in ya faɗi. In na sauka sai in miƙa ta ga wanda zai yi aiki da ita, in kame bakina, in ga inda yatsansa zai tsaya yana shakka. Wanda ya yi niyyar koyo a cikinku, ya same ni in na zo gida salla mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ba sai ya jira ya mallaki kwamfuta ba. Ya zo da littafin rubutu, da sunayen mutanen unguwarsu hamsin a rubuce da lanƙwasarsu da alhamzarsu, ya kuma aro wayar mahaifiyarsa, don da ita za mu fara.